Yadda Ake Duba Tsohuwar Jitar Jaz Mai Doro Kafin a Biya Kuɗinta

Ranar da na fara ɗaukar tsohuwar jita mai doro, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin nauyinta. Ga ta ƙatuwa, ta cika ƙirji, amma da na ɗaga ta sai na ji kamar busasshiyar ƙwarya na riƙe. Mai ita wani dattijo ne da ya daɗe yana kiɗa a otal-otal. Ya ce in ƙwanƙwasa fuskarta da bayan yatsa kusa da jaki, sannan in riƙa matsawa a hankali zuwa baki. A tsakiya ta amsa da ƙarfi, gajeren sauti mai tauri. Da na kai gefe sai muryar ta yi zurfi, ta yi laushi. Ya dube ni ya ce, "Ka ji ko, yaro? Hannu ne ya fere wannan." Tun daga ranar duk jitar da aka miƙo mini, katakonta nake fara tambaya kafin in karanta sunan da ke kanta, kuma a kan wannan tsarin zan bi da kai.

Jitar da aka fi sani fuskarta a shimfiɗe take, da rami zagayayye a tsakiya, jakinta kuma manne yake da gam. Mai doro daban take. Fuskarta da bayanta sun kumbura kamar na biyolin, gogen Turawa, tana da ramuka biyu masu siffar harafin f, tsirkiyoyinta kuma sun haye kan jaki sun je sun ƙare a wani ƙarfe da aka ɗaure a gindinta, wanda zan riƙa kira wutsiya. Jakin ba a manne yake ba. Wanda ya taɓa kwance tsirkiyar gurmi ko kukuma ya ga jaki ya faɗo ya riga ya san yadda abin yake: nauyin tsirkiya ne kawai ke danne shi a wurinsa.

Mataki na farko: san irin wadda ke gabanka

Asalin abin daga garin Kalamazu ne a jihar Mishigan ta Amurka, inda Orville Gibson ya fara sassaƙa fuskar mandolin da jita a shekarun 1890, yana kwaikwayon masu ƙera biyolin. An kafa kamfani da sunansa a 1902. Amma jitar da ta zama uwa ga duk masu doro ita ce L-5, wadda ta fito tsakanin 1922 da 1923 a zamanin da Lloyd Loar ke aiki a kamfanin. Faɗinta inci 16, tana da ramukan f, kuma dala 275 ake sayar da ita, kuɗi mai yawa a lokacin. Makaɗi Eddie Lang na daga cikin waɗanda suka sa makaɗan jaz, wani salon kiɗa na Amurka, suka ajiye banjo suka rungumi jita.

Matsalarsu a lokacin ita ce ƙara. Mai jita yana zaune tsakanin masu busa ƙahoni goma sha wani abu da mai ganguna, babu lantarki a jikin kayansa, dole a ji shi. Shi ya sa jitocin suka yi ta girma. A 1934 Gibson ya fitar da Super 400 mai faɗin inci 18, wadda farashinta ya zama sunanta, aka kuma ƙara faɗin L-5 zuwa inci 17. Epiphone na birnin Niyok ya mayar da martani da Emperor, wadda ta ɗan fi ta faɗi. A Bostan, Elmer Stromberg da mahaifinsa suka kai Master 400 har inci 19, irin wadda Freddie Green ya yi shekaru yana kaɗawa a ƙungiyar Count Basie. A wani ɗan shago a titin Kenmare na Niyok kuma, John D'Angelico ya buɗe aiki a 1932, ya ƙera jita 1,164 kafin rasuwarsa a 1964, almajirinsa Jimmy D'Aquisto ya ɗora daga inda ya tsaya.

Sai lantarki ya shigo. A 1936 Gibson ya fitar da ES-150 mai fikof, wato ɗan maganaɗisun da aka naɗe da siririyar waya, mai ɗaukar motsin tsirkiya ya kai wa amfilifaya. Da ita Charlie Christian ya nuna wa duniya, bayan shigarsa ƙungiyar Benny Goodman a 1939, cewa jita ma tana iya jan waƙa ita kaɗai kamar ƙaho. A 1949 ES-175 ta biyo baya a kan dala 175.

Dalilin wannan tarihin shi ne ka san cewa iri uku ne a kasuwa. Akwai wadda aka yi don ta yi ƙara da kanta, akwai wadda aka yi don amfilifaya, akwai kuma ta masu ƙaramin ƙarfi irin waɗanda kamfanonin Harmony da Kay suka yi ta zubawa daga Shikago, da Höfner da Framus daga Jamus. Maganar gaskiya, mafi yawan abin da zai faɗo hannun mutum irina da kai daga wannan rukuni na uku yake, ko kuma kwaikwayon da Japan ta yi a shekarun 1970, kuma a cikinsu akwai masu daɗin murya ƙwarai. Ka kuma sani cewa yau ana buga sunan D'Angelico da Epiphone a kan sababbin jitocin masana'antu na ƙasashen Asiya. Ba jabu ba ne, sai dai ba su da alaƙa da hannun mutanen da na ambata, don haka kada a sayar maka da su a farashin tsoffin.

Kafin ka je ganin jita, ka tanadi tocila, ƙaramin madubi mai mariƙi irin na likitan haƙori, rula ta ƙarfe mai milimita, da takarda. In ka samu tocilan nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, haɗa da ita.

Mataki na biyu: fuskar sassaƙa ce ko matsi?

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan daɗe a kai. Maƙerin jita na gaske yakan ɗauki katakon sifurus, itace marar nauyi mai miƙaƙƙun jijiyoyi da ke fitowa a ƙasashe masu sanyi. A tsaga gungume biyu, a buɗe su kamar littafi, a manne su a tsakiya, su ba da allo mai kaurin kusan inci ɗaya. Daga nan sai fira. Ya fere waje ya fitar da doro, ya juya ya rarake ciki, da ɗan abin fira da bai wuce girman babban yatsa ba. Tsakiya, inda jaki zai zauna, a bar shi da ɗan kauri, milimita biyar zuwa shida. Ana matsowa baki ana rage shi, har kusa da gefe a yi wani ɗan kwari da ya zagaye fuskar gaba ɗaya. Wannan kwarin shi ke ba fuska damar motsawa sama da ƙasa kamar fatar ganga. Maƙerin yana fira yana ƙwanƙwasawa yana lanƙwasa allon da manyan yatsunsa, sai ya ji abin da yake nema sannan ya tsaya. Haka zai yi wa bayan da katakon mafil, wanda ya fi tauri. Saboda babu itatuwa biyu da suke ɗaya, babu jita biyu na sassaƙa da muryarsu ta zo ɗaya, ko da daga benci ɗaya suka fito.

Ta matsi kuwa, siririn katako ne aka jiƙa aka ɗumama aka danne shi a maƙera ya ɗauki siffar doro. Wani lokaci falle ɗaya ne, wani lokaci falle uku ko fiye aka haɗa kamar filawud.

Ga yadda za ka bambanta. Haska tocila a bakin ramin f ka dubi kaurin katakon. In ka ga layi-layi kamar shafukan littafi, haɗi ne. In jijiyoyin saman sun gangaro ta cikin kaurin sun wuce ciki ba tare da yankewa ba, falle ɗaya ne. In an rufe bakin ramin da roba ko fenti, sa madubi ka duba cikin: zanen jijiyoyin ciki ya kamata ya yi daidai da na waje. Sannan ka shafa tafin hannunka daga tsakiya zuwa baki. A ta sassaƙa za ka ji hannu ya gangara ya faɗa ɗan kwarin nan ya sake hawa kaɗan. A mafi yawan na matsi masu araha doron yakan sauka kai tsaye, kaurin kuma ɗaya ne ko'ina.

Kada ka raina ta haɗi. ES-175 ta haɗi ce, da gangan aka yi ta haka, kuma da ita makaɗan jaz Joe Pass da Jim Hall da Herb Ellis suka yi aikin da har yau ake koyo da shi. Fuskar sassaƙa tana da rai sosai, idan aka ƙure amfilifaya sai ta kama amsa kuwwa tana kuka. Ta haɗi ba ta saurin yin haka, kuma ta fi jure canjin yanayi, abin da ya shafe mu ƙwarai. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗin sassaƙa a miƙo matsi.

Mataki na uku: doron yana tsaye?

Magina na gargajiya sun san abin da ya sa tulluwar soro ke tsayawa: lanƙwasar ce ke ɗaukar nauyi, azara kuma na tallafe da ita daga ciki. Haka fuskar jita take. Tsirkiyoyi suna danna jaki ƙasa dare da rana shekara sittin ko tamanin, a ƙarƙashin fuskar kuma akwai 'yan sanduna biyu da aka manne, su ne azararta. A wasu jitocin sun miƙe kusan kafaɗa da kafaɗa daga wuya zuwa gindi, wannan kan ba da murya mai kaifi da ke ratsa taro. A wasu an gicciye su kamar harafin X, muryar takan fi taushi da jan numfashi.

Ɗaga jitar daidai idonka ka dube ta ta gefe. Doron ya kamata ya tafi sumul, ba tare da lotsawa a ƙarƙashin jaki ba. Sai ka dubi ramukan f. Leɓen ciki da leɓen waje na kowane rami su kasance kusan a layi ɗaya. In na cikin ya nutse sosai ƙasa da na waje, fuskar ta fara zama. Danne tsirkiyoyi da hannu ɗaya don su yi shiru, ka ƙwanƙwasa fuskar wuri-wuri. Inda ka ji wani ɗan kaɗawa kamar takarda na rawa, azara ta saki. Tura madubi ka tabbatar. Azarar da ta saki ana mayar da ita da gam, ba babban abu ba ne a hannun gwani. Fuskar da ta zauna gaba ɗaya kuwa sai an cire baya kafin a tayar da ita, aiki ne mai tsada, kuma ni dai in na ga haka nakan mayar wa mai ita kayarsa.

Tsaga ba ta cika ba ni tsoro ba. Kusan kowace tsohuwar jita ta sassaƙa tana da ɗaya ko biyu. In ta bi jijiyar katako, an rufe ta da kyau, ka kuma ga 'yan faci na katako a ciki suna riƙe da ita, ba komai. Wadda ta gitta jijiya, ko ta bi ta ƙarƙashin ƙafar jaki, ita ce abin dubawa da kyau. Abu mafi ciwo shi ne jitar sassaƙa da wani ya huda fuskarta don ya dasa fikof, ya yanke azara a hanya. An yi wa da yawa haka a shekarun 1950 da 1960. Masu hankali a lokacin sukan sa fikof mai rataya irin na DeArmond, wanda ba ya taɓa fuskar sam.

Mataki na huɗu: wuya

Jita mai lafiyayyen jiki da karkataccen wuya ba za ta kaɗu ba. Fara da jaki. A mafi yawansu akwai 'yan ƙafafu biyu na ƙarfe masu zagayayyen goro da ake murzawa a ɗaga shi ko a sauke shi. Tsayin jakin daga fuska zuwa tsirkiya ya kamata ya kai wajen inci ɗaya, milimita 25 ke nan, da sauran wurin saukewa. Yanzu auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 12, wato ƙarfe na goma sha biyu cikin 'yan ƙarafan da aka jera a kan allon yatsu. Milimita biyu zuwa biyu da rabi a tsirkiya mai kauri ya yi daidai, siririyar kuma ƙasa da haka kaɗan. In an sauke jaki har ƙasa, ko an fere shi ya zama siriri, amma tsirkiya tana can sama, to wuyan ya sunkuyo gaba, sai an cire shi an sake dasa shi. Duba dunduniyar wuyan inda ta haɗu da jiki. In takarda ta shige tsakaninsu, mahaɗar ta motsa. Wannan ciwon ya yi yawa a jitocin Harmony da Kay, kuma sau da yawa kuɗin gyaran yakan kai kuɗin jitar. Ka sa shi a lissafi kafin ciniki.

Sai miƙewar wuya. Danne tsirkiya mai kauri a firet na 1 da na 14 lokaci ɗaya, ka leƙa tsakiya wajen firet na 7. Ya kamata a sami 'yar tazara kamar kaurin takarda biyu ko uku. In babu ko kaɗan, ko ta yi yawa, sai rodin cikin wuya ya gyara. Wani ma'aikacin Gibson mai suna Thaddeus McHugh ne ya ƙirƙiro wannan rodin da ake ɗaurewa a sassauta, a farkon shekarun 1920, amma jitoci da yawa na wasu kamfanoni ba su da shi, ko suna da ƙarfen da ba ya murzuwa. In akwai, roƙi mai jitar ya murza shi kaɗan a gabanka, ya sassauta tukuna kafin ya ɗaure. Rodin da ya cije ko ya karye babbar hasara ce. Kada kai ka tilasta masa.

Juya jitar ka dubi bayan wuya daidai inda kai ya fara. Nan ne wuyan mahogani ya fi karyewa idan jita ta faɗi. Mahoganin nan dangin maɗacinmu ne, kamar yadda baƙin eboni da ake shimfiɗa allon yatsu da shi yake dangin kanya. Kashe fitila ka haska tocilar shuɗin haske. Tsohon banish yakan yi wani haske kore-kore bai ɗaya, wurin da aka gyara aka sake fesawa kuwa sai ya fito daban kamar tabo. Karayar da aka gyara da kyau tana iya riƙewa har abada, amma dole ta sauke farashi, kuma ya kamata mai sayarwa ya faɗa tun kafin ka gano.

Mataki na biyar: roba mai cin kanta

Farar ɗamarar da ta zagaye bakin jita, da garkuwar da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi don kare fuska daga ƙarzuwa, da selulod aka yi su a da. Wannan tsohuwar roba idan ta tsufa takan fara ruɓewa, ta tsattsage kamar ƙanƙarar sukari, tana fitar da iska mai guba ga ƙarfe. Buɗe akwatin ka shinshina: wari mai tsami alama ce. Dubi firet da sukurori da murfin fikof na kusa da garkuwa, in sun yi tsatsa kore alhali na nesa lafiya lau, garkuwar ce ke cin su. Cire ta nan take ka ajiye ta daban, nesa da wuta domin tana saurin kamawa, ka sa a yanka maka sabuwa. Ruɓewar ɗamara ta fi wahala, sai an ɓamɓare ta duka an sake, kuma an san tsoffin jitocin kamfanin Gretsch da wasu D'Angelico da wannan ciwon.

Mataki na shida: me aka canza?

Leƙa ta ramin f ka nemi takardar shaida ko lambar da aka buga a cikin baya, ka ɗauki hotonta, ka gwada da abin da aka sani game da shekarar: siffar rubutun suna, irin wutsiya, irin kunnuwan ɗaure tsirkiya. Misali, Gibson bai fara yanke kafaɗar L-5 da Super 400 don hannu ya kai can ƙasan wuya ba sai 1939, fikof ɗinsa mai kashe gunji kuma, wanda Seth Lover ya ƙirƙira, sai 1957 ya hau irin waɗannan jitocin. In aka ce maka jita ta 1950 ce ka gan ta da shi, daga baya aka sa. Su waɗannan fikof na farko suna da tsada su kaɗai, shi ya sa ake yawan zare su a maye da sababbi. Ramukan sukurori da ba komai a cikinsu suna ba da labarin abin da aka cire.

Tsohon banish siriri ne, yakan yi 'yan tsage-tsage kamar gizo-gizo ya yi saƙa, ya koɗe inda hannu ke gogawa. Wannan ado ne, kada ka bari a goge shi. Jitar da ta shekara saba'in tana ƙyalli kamar sabon firji, mai yiwuwa an sake fesa ta, kuma masu tara tsoffin kaya sukan rage mata kusan rabin daraja. Ga mai son kiɗa kawai, irin wannan ce garaɓasa, muddin sabon fentin bai yi kaurin da zai shaƙe fuskar ba.

In daga waje za a aiko maka, tambayi irin katakon allon yatsu da na jaki. Tun 1992 yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta sa katakon roswud na Barazil a jerin da aka fi tsanantawa, kuma tsoffin jitoci da yawa suna ɗauke da shi. Ba tare da takarda ba, kwastan na iya riƙe kayan.

Mataki na bakwai: kaɗa ta

Fara ba tare da lantarki ba, ko da tana da fikof. Wanda ya saba da jita mai shimfiɗaɗɗiyar fuska yakan ji mai doro kamar ta bushe da farko, domin sautinta yana fitowa da sauri ya ɗauke da sauri, ba ya jan jela. Haka aka gina ta. Buga ta da ƙarfi, bugu huɗu a kowane zagaye, da tsirkiya uku kawai a danne, irin salon Freddie Green. Mai kyau, kana ƙara ƙarfi tana ƙara buɗewa. Sa wani ya kaɗa ka koma ƙarshen ɗaki, domin tana jefa muryarta gaba, mai sauraro ya fi mai kaɗawa jin ta. Bayan haka bi kowace tsirkiya firet bayan firet har ƙarshen wuya, kana neman inda sauti ya mutu ko ya yi zuzu. Sannan ka ajiye abin bugu ka shafa da naman babban yatsa, yadda makaɗin jaz Wes Montgomery ya riƙa yi wa L-5 ɗinsa, ka ji ko tana da taushi. In tsohuwar amfilifaya ta Amurka ta biyo jitar, kada ka soka ta a bango: ta wutar 110 zuwa 120 ce, tamu kuma 230, sai da taransifoma.

Mataki na takwas: ranar da ta shigo gida

In aiko ta za a yi, ka sa a sassauta tsirkiyoyi, a cire jaki a naɗe shi daban, a sa tsumma ƙarƙashin wutsiya don kada ta ƙarje fuska. Da ta iso, bar kwalin a rufe kwana ɗaya ta saba da ɗakin.

Wajen mayar da jaki, 'yan tsagun da ke tsakiyar ramukan f za su nuna maka kusan inda zai zauna. Don daidaitawa, auna daga matashin tsirkiya na can sama zuwa firet na 12, ka ninka biyu, nan ne wurinsa da ƙarin milimita biyu ko uku. Ɗaure tsirkiyoyi, ka gwada sautin tsirkiya a sake da sautinta a firet na 12 da na'urar saiti. In na firet 12 ya haura, ja jakin baya wajen wutsiya. In ya gaza, tura shi gaba. Yi wa siririya da mai kauri, za ka ga jakin ya ɗan karkace, haka ake so. Ka sassauta tsirkiya kafin kowane motsi. Ƙafar jakin ta kwanta a kan doro ba tare da rata ba, in takarda na shiga ƙarƙashinta murya na zuba a nan. Daga yau kuma, tsirkiya ɗaya-ɗaya za ka riƙa canzawa don jaki ya tsaya a wurinsa. Waɗannan jitocin suna son tsirkiya mai ɗan kauri, mai lamba 12 ko 13, domin siririya ba ta iya motsa fuskar. Masu lantarki sun fi son mai sulɓin naɗi, wadda ba ta ƙara idan yatsa ya zame.

Mataki na tara: hunturu

Katakon jita yana son laimar iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100. A Kano ko Zinder, da tsakar rana a watan Janairu, takan sauka ƙasa da kashi 20. Sifurus yana tsukewa ta faɗinsa idan ya bushe, gefuna kuma suna riƙe da shi, sai ya yage.

Na ga wannan da idona a kan jitata ta farko mai falle ɗaya. Na rataye ta a bango don in riƙa ganinta. Mako biyu da shigowar iska na fara jin bakin firet yana cizon yatsuna, alamar allon yatsu ya tsuke, tsirkiyoyi kuma suka sauko suna taɓa ƙarfe domin doron ya ɗan kwanta. Ban gane saƙon ba. Wani dare ina kwance na ji "ƙas", da safe na tarar da tsaga mai tsawon yatsa daga ƙasan ramin f zuwa baki, har hasken tocila na wucewa ta ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ta yi shekara hamsin lafiya kafin ta zo hannuna.

Abin da nake yi yanzu ba shi da tsada. Daga Nuwamba zuwa Maris jitar tana cikin akwatinta a rufe duk lokacin da ba na kaɗawa. Na huda gidan sabulu na roba wuri goma, na sa soso a ciki da na jiƙa na matse har ba ya ɗiga, na ajiye shi a akwatin wajen kai, wani kuma kusa da jiki inda ba zai taɓa banish ba. Akwai ƙaramin ma'aunin laima a ciki da nake dubawa kowace safiya. A tsakiyar hunturu soson kan bushe cikin kwana biyu. Da damina ta kankama sai in cire soso, in sa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, in riƙa buɗe akwatin yana shan iska saboda fumfuna.

Zafi ma abokin gaba ne. Tsoffin jitoci da gam ɗin fatar dabba aka haɗa su, wanda zafi da danshi ke sassautawa. Wannan alheri ne ga mai gyara, domin yana iya buɗe mahaɗa ya mayar ba tare da ya fasa katako ba, amma but ɗin mota a watan Afrilu zai yi wannan aikin ba da izininka ba. Turare mai barasa, da maganin sauro na fesawa ko na shafawa, suna narkar da tsohon banish, haka ma robar da ke jikin wasu matsayan jita da maratayi na leda. Tsumman auduga busasshe ya isa gogewa.

In tsaga ta faru, sassauta tsirkiyoyi, kada ka shafa wurin da yatsa domin maiƙo na hana gam kamawa, ka mayar da jitar akwati da soso. Kada ka ɗiga mata sufa gulu, kada kuma ka kai wa kafintan kujeru, komai gwanintarsa a nasa fannin. Tawa ta yi kwana goma sha biyu a cikin laima kafin leɓunan tsagar su haɗu da kansu. Sai a lokacin mai gyaran kayan kiɗa ya shafa gam ɗin fata mai ɗumi ya tura shi ciki da yatsa, ya zura 'yan faci uku na sifurus ta ramin f, jijiyarsu a gicciye da ta fuskar, ya danne su da maganaɗisu ciki da waje har suka kama. Na jira mako guda kafin in mayar da jaki in ɗaure tsirkiya.